Ƙaramar Rokar V-2: A Hanci Matsalar Take

Tambaya: Malam, ina so in haɗa ƙaramar roka mai siffar V-2 ta Jamus, in harba ta sama. Ta ina zan fara? Daga wani ɗalibin injiniya.

Amsa: Ɗana, ka zaɓi mai wuyar sha'ani. V-2 ta asali, wadda ta fara tashi lafiya a Peenemünde a Oktoban 1942, tsayinta kusan mita 14 ne, kuma na'urori ne ke saita ta a sama. Taka ba ta da su. Gajera ce mai ƙiba, inji ya rinjayi wutsiyarta, shi ya sa ake cusa yumɓu a hancinta. Kafin ka harba, ɗaura zare a daidai inda nauyinta ya raba biyu, ka wulwula ta a kanka. In hanci ya yi gaba, madalla. In ta yi ta juyi, ƙara yumɓu.

Jiki na kwali, fikafikai na katakon balsa ko roba, ban da ƙarfe. Injin kuwa saye ake yi, irin na kamfanin Estes na Amurka. Kada ka kuskura ka haɗa albarushi da hannunka. Ana kunnawa da wayar lantarki daga nesa, aƙalla mita 5, ƙaramar lema kuma ta sauko da ita.

Nemi fili marar busasshiyar ciyawa, musamman da hunturu. Kuma ka fara samun izinin hukuma. A yanayin tsaron nan, ba kowa zai gane abin wasa ne ba.