Tabkuna Biyar da Tsanin Jiragen Ruwa

Mai karatu, buɗe taswira ka dubi iyakar Amurka da Kanada. Za ka ga manyan tabkuna biyar a sarƙe da juna: Sufiriya, Mishigan, Huron, Iri da Ontariyo. Ruwansu ba na gishiri ba ne, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗin da ke kwance a doron ƙasa a nan yake. Sufiriya kaɗai ya fi Jihar Neja faɗi. In ka tsaya a bakinsa ba ka hango ƙetare.

Sai dai ka lura, hawa-hawa suke. Sufiriya ya ɗara teku tudu da mita 183, Iri da 174, Ontariyo kuwa 75 kacal. Tsakanin Iri da Ontariyo ne ruwa ke rikitowa a Niyagara, inda ko kwalekwale ba ya bi ya kai labari. To, jirgi maƙare da alkama ko tama fa, ta ina zai sauka?

Abin da ƙarfi ya kasa, dabara ta yi. An haƙa mashigin Welland, aka buɗe shi a 1829, yau kuma yana da ɗakunan ruwa takwas. Jirgi ya shiga ɗaki, a rufe ƙofar ƙarfe a bayansa. Sai a buɗe kafofi daga ƙasa, ruwan ɗakin ya riƙa tsiyayewa, jirgin na yin ƙasa sannu a hankali, jiƙaƙƙen bango na miƙewa a gefensa, har ruwan ya daidaita da na gaba. A buɗe ƙofa, ya wuce. In hawa zai yi, cika ɗakin ake yi. Ba injin da ke tura ruwan nan, gangare kawai yake bi, kuma ni a ganina nan hikimar take.

A 1959 Sarauniya Elizabeth da Shugaba Eisenhower suka buɗe hanyar kogin Sen Lorens, jirgin teku ya samu damar shigowa har birnin Duluth, tafiyar kilomita 3,700. Da hunturu ƙanƙara kan rufe hanyar sai bazara.

Jiragen ba kaya kaɗai suka kawo ba. A cikin ruwan da sukan ɗura don kada su yi tangaɗi, wasu ƙananan halittu masu ɓawo suka biyo su daga Turai. An fara ganinsu a 1988, ga shi yanzu sun manne a bututun ruwan birane, kullum ana kankara suna dawowa.