Amsar Tambaya: Abu Kaɗan Sai Ya Kwana A Raina

Tambaya: Anti, daga Gwadangaji nake. Ƙarar janareta da hayaniyar biki suna galabaitar da ni, a gida kuma ana ce mini shagwaɓaɓɓiya. Ina musayar zanen jaruman labarai a intanet, wata ta karɓi nawa ta yi gum.

Amsa: 'Yata, wannan ba shagwaɓa ba ce. Masaniyar halayyar ɗan Adam Elaine Aron ta Amurka, wadda ta fitar da littafi kan haka a 1996, ta ƙiyasta mutum 15 zuwa 20 cikin 100 haka jikinsu yake ɗaukar sauti da magana. Ki bayyana wa Mama a natse. In biki ya kama, ki je da wuri, ki gaida uwar amarya, ki sulale kafin makaɗa su kafa lasifika.

Batun zane kuwa, haƙƙinki aka ci, dole ya yi ciwo. Ki tuna mata sau ɗaya, ki ƙyale ta. Nan gaba ke da abokiyar musayarki ku tsai da rana, kowa ya nuna zanen fensirinsa kafin a shafa launi. A Art Fight, wasan musayar zane na intanet da ake yi duk Yuli, ramawa ba dole ba ce, don haka ki shiga da niyyar kyauta.