DARASI A KAN KALMAR "FESHI"



A Hausa, "fesa" na nufin a tura ruwa da ƙarfi har ya tarwatse ya zama ƙananan ɗigo masu bin iska. Mai guga yakan fesa wa tufa ruwa, manomi ya fesa wa wake maganin ƙwari, uwargida kuma ta fesa turare. Sunan aikin shi ne "feshi", domin "s" takan koma "sh" a gaban wasalin "i" ko "e", kamar yadda "fasa" ke komawa "fashe". Shi ya sa ake cewa "an feshe ɗaki".

Feshi ya bambanta da yayyafi. Yayyafi da hannu ake yin sa a hankali, kamar yadda malaman Malikiyya suka karantar game da tufar da ake shakkar najasa ta taɓa ta. Ya kuma bambanta da ɗigo, wanda ke sauka ɗaya bayan ɗaya a wurin da aka nufa, irin na maganin shan inna a bakin yaro. Shi feshi, da zarar ya fita, mai shi ba ya da iko da inda zai sauka.

To, akwai feshin da ido ba ya gani: na tari da atishawa. Ta wannan hanya ƙyanda ke yaɗuwa. Ƙwayar cutar kan zauna a iskar ɗaki har tsawon awa 2 bayan fitar mara lafiya. Cikin mutum 10 da suka yi cuɗanya da shi ba tare da kariya ba, 9 na iya kamuwa.

Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan rufe fuskarsa da hannu ko da tufa idan zai yi atishawa. Mu koya wa yara wannan ladabi a gida da makarantun allo.

Sai dai jariri bai san rufe baki ba, ba ya kuma iya kauce wa feshin wani. Kariyarsa ita ce allurar ƙyanda, wadda a Nijeriya ake yi a wata 9, a maimaita a wata 15. Kyauta ce a asibitin gwamnati.

Ku duba katin yaronku yau. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya raya mana zuri'a.