Amsar Tambaya: Taswirar Safiyo Ta Gona

Tambaya: Na sayi gona tsakanin Jega da Aliero. Yaya zan samu taswirar safiyo, kuma nawa ne kuɗinta? Daga wani manomi a Maiyama.

Amsa: Malam, fara da takardar ciniki mai sa hannun shaidu da mai unguwa. Ka nemi safiyo mai rajistar hukumar SURCON da ke kula da masu aikin safiyo. Ranar awo, gayyato maƙwabtan gona su ga inda aka kafa duwatsun iyaka. Kuɗin yana bin girman gonar da nisanta, don haka ku yanke farashi a rubuce kafin a fara aiki. Ka tabbatar an kai kwafin taswirar ofishin Babban Safiyo a Birnin Kebbi. Bayan nan, ka nemi takardar mallaka kamar yadda dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta tanada.