MAI SAYEN GWAJI: AIKINSA, LADANSA DA IYAKOKINSA A SHARI'A

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halatta ciniki kuma ya sanya ma'auni tsakanin bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda aka san shi da amana a fatauci tun kafin aike, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya taso ne daga tambayar wani saurayi da ya tare ni bayan sallar La'asar. Ya nuna mini saƙo a cikin salularsa, ana yi masa tayin aiki: ya riƙa shiga kantuna kamar mai saye, ya duba yadda ake karɓar mutane, ya rubuta abin da ya gani, a biya shi. Ya ce: "Malam, shin akwai irin wannan aiki da gaske? In kuma akwai, ba shi ne leƙen asirin da Allah ya hana ba?" Na ga ya kamata amsar ta kai ga kowa, domin ta shafi mai neman aiki, ta shafi mai dukiya, ta kuma shafi yaron kanti da ake rubuta rahoto a kansa bai sani ba.

YADDA AIKIN YAKE

Mai dukiyar da yake da rassa da yawa ba ya iya zama a kowane reshe. Ranar da ya zo kuwa, kowa zai miƙe tsaye, a share daɓe, a saki fuska, don haka abin da idonsa ya gani ba shi ne abin da talaka yake gani ba. Saboda wannan sai ya yi yarjejeniya da wani kamfani, kamfanin ya aiko mutumin da ma'aikata ba su sani ba. Wannan shi muke kira mai sayen gwaji.

Kafin ya tafi ana ba shi jerin abubuwan da zai lura da su: minti nawa ya yi yana jira, an gaishe shi ko ba a gaishe shi ba, wurin yana da tsabta, farashin da aka rubuta shi ne aka karɓa, an ba shi rasiɗi, an cika masa canji, in ya kawo kuka yaya aka saurare shi. Sai ya shiga kamar kowa, ya saya, ya fita, ya cika takardar rahoto tun abin yana sabo a kansa, ya haɗa da rasiɗin domin ya zama hujjar cewa ya je. Ana yin haka a bankuna, da gidajen mai, da otel-otel, da gidajen abinci, da kamfanonin tarho. Wani gwajin ma ta waya ko ta intanet ake yin sa.

A ƙasar Amurka ne abin ya zama sana'a mai suna, a shekarun 1940. Da farko manufarsa kama ma'aikatan da suke taɓa kuɗin kanti ko na banki. Daga baya sai manufar ta faɗaɗa, ta koma auna kyawun hidima ga mai saye. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanonin da suke wannan aiki suka kafa ƙungiyarsu mai suna MSPA. A Faransa kuwa, kamfanin tayoyi na Michelin ya fara buga littafin jagora ga matafiya a 1900, kuma daga 1926 ya fara bai wa gidajen abinci tauraron yabo. Masu dubawarsa suna zuwa ba tare da sun bayyana kansu ba, su ci, su biya kuɗinsu kamar kowane baƙo.

Hukumomi ma suna amfani da wannan hanya. A Faransa, dokar 2006 ta yarda a kawo sakamakon irin wannan gwaji gaban alƙali a kan nuna bambanci. Ana aika mutum biyu neman gidan haya ko aiki, halinsu ɗaya, sai dai sunansu ko launin fatarsu ya bambanta. In aka karɓi ɗaya aka kori ɗaya, to an sami hujja. Ƴan'uwanmu da suke zaune a can sun san amfanin wannan.

Game da lada, ku sani ba aikin albashin wata ba ne. Ana biya ne a kan kowace ziyara, kuma abin da ake biya kaɗan ne. Wani lokaci ma kuɗin abin da mutum ya saya kawai ake mayar masa. Mafi yawan masu yin sa suna da wata sana'a, wannan ƙari ne kawai.

MAGABATANMU SUN SAN WANNAN HANYA

Kada wani ya zaci Turawa ne suka fara tunanin duba kasuwa. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani tulin hatsi a kasuwa, ya cusa hannunsa a ciki, sai ya ji danshi. Mai hatsin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi ya tuhume shi a kan rashin sanya jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma barranta daga mai algus. Ku lura, bai wadatu da kallon saman tuli ba. Daga irin wannan ne aikin hisba ya samo tushe, har malaman Malikiyya suka yi rubutu a kansa, kamar Yahaya ɗan Umar, mai littafin Ahkamus Suƙ, wanda ya rayu a ƙasar da ake kira Tunisiya a yau cikin ƙarni na 3 na Hijira.

Abin da ya fi kusa da darasinmu shi ne labarin da Malam Maƙƙari, mutumin Tilimsan wanda ya rasu a 1041 Hijira, ya kawo a littafinsa Nafhuɗ Ɗib game da kasuwannin Andalus. Muhtasibi, wato shugaban hisba, yana zagaya kasuwa tare da mataimakansa suna riƙe da sikeli. Gurasa tana da nauyi sananne, nama yana da takardar farashi. Amma sanin cewa mai ha'inci yana gyara hali in ya hango hukuma, sai muhtasibi ya aiki ƙaramin yaro ko yarinya su sayo, sa'an nan ya auna abin da aka ba su. In ya tarar da tauyewa, sai ya ƙiyasta cewa haka mutumin yake yi wa sauran jama'a. Wanda aka hora bai daina ba, korarsa ake yi daga gari. Wannan yaro na Andalus mai sayen gwaji ne, kuma hikimar zaɓensa a fili take: wanda ya cika wa yaro awo zai cika wa kowa.

SHIN LEƘEN ASIRI NE?

Allah ya hana tajassusi a cikin Suratul Hujurat, aya ta 12. Abin da malamai suka fahimta shi ne bibiyar aibin da mutum ya rufe, kamar leƙa gidansa ko sauraron sirrinsa. Teburin ciniki kuwa a buɗe yake ga duk mai wucewa. Abin da mai sayen gwaji ya gani, kowane mai saye yana ganinsa. Sa'an nan ma'aikaci wakili ne a kan dukiyar wani, mai dukiya kuwa yana da haƙƙin sanin yadda ake tafiyar da amanarsa, jama'a ma suna da haƙƙin a kare su daga masu tauye awo, waɗanda aka saukar da sura guda da sunansu. In mahauci yana rage giram 50 a kowane kilo, ya sayar da kilo 200, ya ci kilo 10 na haram, kuma babu ko ɗaya cikin waɗanda aka zalunta da ya sani.

Saboda haka abin da ya bayyana gare ni shi ne asalin aikin halal ne, kuma ladansa halal ne, da sharuɗɗa kamar haka:

1. Aikin da ladan su zama sanannu tun farko, kamar yadda yake a kowace ijara: ina za a je, me za a duba, nawa za a biya, wa zai ɗauki kuɗin sayayya.

2. Abin da za a saya ya zama halal. Gwajin gidan giya ko gidan caca taimako ne a kan saɓo, ko da mutum bai kurɓa ba.

3. Ya tsaya a kan abin da aka aike shi. Hirar ma'aikata a tsakaninsu, da zancen iyalinsu, da abin da yake cikin wayarsu, ba ruwansa da su. Da zarar ya tsallaka zuwa nan ya faɗa cikin tajassusi.

4. Ya nisanci rantsuwa a kan ƙarya da ƙirƙirar labari mai cutarwa. Rashin faɗin wanda ya aiko ka ba ƙarya ba ne, domin ba a wajabta wa mai saye bayyana dalilin sayensa ba. Amma wanda ya yi ta taya kayan ƙaramin ɗan kasuwa, ya sa shi kwance ɗauri bayan ɗauri alhali ba shi da niyyar saye, ya ci lokacinsa da zalunci.

5. Kada ya ɗana tarko. Aikinsa ya ga abin da yake faruwa kullum. Miƙa wa ma'aikaci toshiya domin a ga ko zai karɓa, ko tsokanarsa da zagi har ya fusata, jawo mutum ne zuwa laifin da mai yiwuwa da bai aikata ba.

6. Rahotonsa shaida ce. Wanda ya zauna a gida ya cika takarda bai je ba, ko ya ƙara gishiri domin a ce ya iya aiki, ko ya rufe laifin ɗan garinsu ya tona na baƙo, ya yi shaidar zur, wadda take cikin manyan zunubai. Ya tuna cewa layi biyu da ya rubuta suna iya raba magidanci da abincin ƴaƴansa.

NASIHA GA MASU DUKIYA

Kai Alhaji mai rassa a Maraɗi da Damagaram da Yamai, in za ka bi wannan hanya, ko da ta aiken ɗan'uwanka ne da yaranka ba su sani ba, to ka fara sanar da su cewa irin wannan baƙo yana iya zuwa kowace rana. Ƙa'idojin masu wannan sana'a ma sun tanadi haka. Sanarwar da kanta tana gyara rabin ɓarna, kuma tana kawar da zargin cin amana tsakaninku.

Kada ka yanke hukunci da rahoto ɗaya. Ziyarar minti 10 ba ta bayyana halin mutumin da ya yi shekara 5 yana maka aiki. Wataƙila ranar da marar lafiya ya kwana. Surar da ta hana tajassusi ita ce ta yi umarni da tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi. Ka kira shi, ka ji daga bakinsa. In rahoto ya zo da yabo, ka faɗa masa a gaban abokan aikinsa, ka yi masa alheri. Sa'an nan ka duba naka ɓangaren: in layi ya yi tsawo saboda ka sa mutum ɗaya aikin mutum 3, ko ka riƙe albashinsa wata biyu, ko kai ne ka sayo tiyar da aka bubbuge gindinta, to rahoton a kanka aka rubuta shi.

HATTARA DA MACUTA

Mu koma ga saurayinmu. Da na karanta saƙon zuwa ƙarshe, sai na ga ana neman ya fara aika jikka 10 kuɗin rajista. Na ce masa ya goge shi. Kamfanin gaskiya shi yake biyan mai aiki, ba ya karɓar kuɗi a hannunsa kafin ya ba shi aiki.

Hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta daɗe tana gargaɗi a kan wata zamba da ake yi da sunan wannan sana'a. Ana aiko wa mutum cek mai kuɗi da yawa, a ce ya sa a bankinsa, ya cire ladansa, ya aika sauran ta kamfanin aika kuɗi, wai gwajin kamfanin ake yi. Banki yana iya sakar masa kuɗin cikin ƴan kwanaki, alhali gano cewa cek ɗin jabu ne yana iya ɗaukar makonni. Ranar da aka gano, macucin ya riga ya karɓe abin da aka aika, bashin banki kuwa ya hau kan wanda aka yaudara. Don haka duk wanda ya yi muku alkawarin kuɗi mai yawa a kan aikin minti kaɗan, ko ya nemi lambar sirrin asusunku, ko ya ce kuɗin wani za su bi ta hannunku, ku guje shi. Banda asara, mutum yana iya zama ɗan aiken kuɗin sata bai sani ba.

KAMMALAWA

Masu tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi yana zagayen dare a Madina, sai ya ji wata mata tana umartar ɗiyarta ta zuba wa madarar sayarwa ruwa, tunda Sarkin Muminai ba ya ganinsu. Yarinyar ta ƙi, ta tunatar da mahaifiyarta cewa Ubangijin Umar yana gani. Umar ya aurar da ita ga ɗansa Asimu, kuma daga zuriyarsu aka sami Umar ɗan Abdul'aziz. Yarinyar nan ba ta san akwai mai saurare a bayan bango ba, kuma da babu shi ma haka za ta yi.

Ya kai ɗan kasuwa, ya kai ma'aikaci, mai sayen gwaji yana zuwa sau ɗaya a wata ko a shekara, amma mala'iku biyu masu rubutu ba sa barin teburinka. Ka ɗauki tsohuwar da ba ta iya karanta sikeli, da yaron da aka aiko da kuɗi a dunƙule cikin hannu, a matsayin waɗanda aka turo domin a gwada ka, domin kuwa hakan ne.

Allah shi ne mafi sani. Allah ya tsarkake kasuwancinmu daga algus, ya buɗa wa matasanmu hanyar halal, ya kare su daga sharrin macuta, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.