Yadda Ake Tsaftace Kujerun Fata Na Mota Ba Tare Da An Lalata Su Ba

Yau za mu ɗan ajiye waya mu leƙa cikin mota. Dalili kuwa, bara na ga wani bidiyo a TikTok, na ɗauki omo da soso na dirje kujerun motar Yayana a Gwarzo. Ba a yi wata biyu ba kujerar direba ta dushe ta fara tsagewa, sai da aka kai ta Kano aka sake mata rufi.

Fara sanin irin kujerar

Fatar mota ba irin wadda dukawa ke ɗinkawa a Ƙofar Wambai ba ce. Yawancinta an shafe samanta da launi da wani siririn rufin roba, kamar yadda ake manna gilashin kariya a fuskar waya. Idan ka goge, wannan rufin kake gogewa, kuma da zarar ya tafi fatar ta fara mutuwa. Wasu kujerun ma ba fata ba ne sam, irin SofTex na Toyota da MB-Tex na Mercedes.

Gwaji mai sauƙi: ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a wurin da ba a gani. In ya tsaya, akwai rufi. In ya shige ya bar duhu, fatar ba ta da rufi, kar ka wanke ta da ruwa, ka kai wa masu aikin kujeru.

Abin da ke kashe ta a nan

Ƙurar hunturu da ke shiga mota a hanyar Kabo zuwa Gwarzo tana maƙalewa a ɗinki, duk zaman da aka yi tana cin rufin kamar sanfefa. Sai zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, yana busar da fatar. Sabuwar shadda mai zuba da jins kuma suna barin launi a farar kujera.

Matakan gogewa

1. Ajiye motar a inuwa har kujeru su huce.
2. Cire ƙura tukuna da injin zuƙa ko buroshi mai laushi, musamman cikin ɗinki.
3. Sa ɗan sabulun fata a tsumman maikirofaiba. In babu, ɗigon sabulun jarirai a ruwa ya isa. A tsumma ake sawa, ba a kan kujera ba.
4. Gwada a ɓoyayyen wuri, sannan ka goge a hankali, ɓangare-ɓangare.
5. Bi da tsumma mai ɗan laima, ka ƙarasa da busasshe.
6. Bayan wata uku ko huɗu, shafa man gyaran fata kaɗan, ka goge ragowar.

Kujera mai ƙananan huji tana buƙatar ƙarin kula. Ƙarƙashinta akan sami fanka ko wayoyin ɗumama kujera, kuma a motoci da yawa kujerar fasinja na da na'urar da ke gane an zauna, wadda ke aiki da jakar iska. Ruwa ya shiga nan, aiki ya koma wajen mai gyaran wuta.

Abubuwan da za ka guje wa

Omo, bilic, fetur, kalanzir da sanitaiza duk suna cin rufin. Man kaɗanya ko basilin na sa sheƙi na kwana ɗaya, daga nan su kama ƙura, su ɓata kayan mai zama. A sitiyari kuwa santsi suke sawa, wanda hatsari ne.

Ka sayi marufin gilashin gaba, zai kare kujeru daga rana. Kuma kar ka bar waya ko fawa bank a kan kujera cikin rufaffiyar mota, zafi na kumbura batir. In kana da tambaya, ajiye ta a ƙasa, za mu amsa in sha Allah.