Yadda ake ɗaukar hoton rama kada a zaci wiwi ce

Wanda ya tashi a Kiru ko Tudun Wada ba zai taɓa rikita rama da tabar wiwi ba, don tun yana ƙarami ake aikensa gefen gona ya yago ta. Amma hoto yana zuwa inda mai shi bai taɓa takawa ba. Ganyen saman rama yatsu-yatsu ne, bakinsa kamar zarto, kuma in aka ɗauke shi shi kaɗai aka ɗora a Facebook, sai ka ji ɗan birni ya fara tambayar da ba ta da daɗin ji.

A ƙasashen da suka halatta wiwi, irin su Uruguwai a 2013 da Kanada a 2018, ɗaukar hotonta ya zama sana'a. Kamfanoni na biyan masu kyamara su kawar da hayaƙi da lungu, su nuno manomi da ɗakin gwaji, don jama'a su sauya yadda suke kallonta. Mu nan haramtacciya ce: dokar soja ta 1966 ta tsananta hukuncinta, hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 kuma tana bin sawunta. Dabarar waɗancan masu kyamara kawai mai rama zai ara, wato abin da ka bari ya shiga hoto shi mutane za su gaskata.

Fara da zaɓen lokaci. Rama tana fure wajen ƙarshen damina, kuma furen na safe ne, kafin la'asar ya yanƙwane. Saboda haka ka isa gona da hantsi. Goge idon kyamarar wayar da gefen riga, ka ba rana baya ta ɗan karkace bisa kafaɗarka, sannan ka matsa kusa da ƙafarka. Kada ka jawo hoton da yatsa, dishi-dishi zai fito.

Furen shi ne babban shaidarka, don haka a nan za ka daɗe. Fari ne mai ɗan rawaya, tsakiyarsa ja wur har ya doshi baƙi, ɗan uwan furen kuɓewa da na auduga. Wiwi ba ta da irinsa ko kusa. Ka taɓa furen a fuskar waya har ya fito tas, ka bar ganye biyu ko uku su shigo ta gefe, yadda duk wanda ya ga ganyen zai ga furen tare da shi. In iska na kaɗawa, sa yaro ya riƙe karan daga ƙasa, amma ka gargaɗe shi, jikin karan yana da 'yan ƙayoyi masu ƙaiƙayi.

Daga nan sai ganye. Tsinko ɗaya daga gindi, wanda yawanci bai rabu ba, da ɗaya daga sama mai yatsu, ka jera su kan faifai a inuwa, ka ɗauka daga bisa. Abin da ake so ya fito shi ne mahaɗar yatsun: na rama suna haɗuwa su zama fage ɗaya kafin su kai ga tsinken ganye, na wiwi kuwa kowane a ware yake har gindinsa.

Sai ka ja da baya ka ɗauki gonar. Manoman yankin sun saba shuka rama a kan iyaka, saboda haka bari masara ko dawa ta fito a bayanta. In a Doguwa kake, duwatsun wajen Riruwai kyauta ne, kada ka yanke su. Hoto guda ya isa.

Hoton da ya fi sayar da kaya, a ganina, shi ne na tsakar gida. Nemi izini tukuna. Matar aure da yawa ba za ta so fuskarta ta yi yawo a wayoyi ba, kuma ba a bukatar fuskar. Ka ce, "Inna, a ɗan ci gaba da aikin, hannu kawai zan ɗauka." Hannun da ke matse dafaffiyar rama, dakakken ƙuli-ƙuli a gefe, albasa da ɗan mai, kwano a kan tabarma kusa da bakin ƙofa inda haske ke shigowa. In akwai dattijon da ke ɓare jiƙaƙƙen kara yana tufka igiya, shi ma ya shiga, don yara da yawa yanzu igiyar leda kaɗai suka sani.

Wajen gyara, ka ɗan ƙara haske ka tsaya nan. Masu cika kore har ganye ya koma kamar na roba suna korar mai saye ne. In ta WhatsApp za ka tura wa dillali a Kwanar Dangora, tura shi a matsayin fayil don kada a matse shi ya lalace. Ka sa hoton fure a gaba, na ganye daga baya, a ƙasa kuma ka rubuta sunan kayan ɓaro-ɓaro, da garin da yake, da ko ɗanye ne ko busasshe, da kuɗin ɗauri ko na buhu.